Daga Sakkwato Zuwa Yola A Jirgin Sama: Awa Nawa Ne?

In ka tambayi matuƙin jirgin sama ka ce masa, "Daga Sakkwato zuwa Yola awa nawa ne?" zai ce maka awa ɗaya da rabi. In ka je wurin mai sayar da tikiti da wannan tambaya, zai ce maka ai babu jirgin da ke bin wannan hanya. Fasinjan da ya taɓa yin tafiyar kuwa zai ce maka yini guda ce cur, wani lokaci har da kwana. To, jama'a masu karatu, babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Dalilin da ya sa amsoshinsu suka sha bamban shi ne abin da za mu duba a filinmu na wannan mako, domin akwai dukiyar jama'a mai yawa, da lokacinsu, har ma da rayukansu, a cikin maganar.

Bari mu fara da nisa. In mutum ya ɗauki taswirar Nijeriya, ya miƙa zare daga filin jirgin saman Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato zuwa filin jirgin saman Yola, zai sami kimanin kilomita 890, watau mil 550 ke nan a lissafin da. Matuƙa jirgin sama suna da nasu mil dabam wanda suka gada daga matuƙa jirgin ruwa, mai tsawon kilomita 1.852, saboda haka su a wurinsu nisan kimanin mil 480 ne. Zaren nan zai bi ta kan Gusau, ya ratsa ta wajen Malumfashi da kudancin Jihar Kano, ya wuce ta arewa da Bauchi kaɗan, ya bi ta kan Kaltungo da Numan, sa'an nan ya dire a Yola bakin kogin Binuwai. Mai tafiya a mota kuwa, ko ya bi ta Zariya da Jos, ko ya bi ta Kano, sai ya ci fiye da kilomita 1,100 kafin ya ga Jimeta, gama hanyar mota tana kewaye duwatsu, tana neman gada, tana ratsa garuruwa.

To, yaya ake gane lokacin da jirgi zai ci? Yaron makaranta zai ce a raba nisa da gudu, shi ke nan. Jirgi mai injin jet, irin su Boeing 737, yana gudun kimanin kilomita 800 a awa in ya kai ƙololuwa ya daidaita. In an raba 890 da 800 za a sami awa ɗaya da 'yan mintoci. Lissafin daidai ne, amma fa jirgi ba ya fara tafiya da wannan gudu, ba ya kuma gama ta da shi. Da fari sai an rufe ƙofa, an tayar da injuna, jirgin ya gangara sannu sannu zuwa bakin titin tashi, ya jira izni daga hasumiyar masu kula da zirga-zirga. In ya tashi, zai yi wajen minti 20 yana hawa kafin ya kai ƙafa 30,000 ko fiye. A wurare da yawa kuma doka ta hana jirgi ya wuce gudun kimanin kilomita 460 a awa muddin yana ƙasa da ƙafa 10,000. Haka nan wajen sauka: jirgin da ke ƙafa 33,000 yakan fara gangarowa tun saura kimanin kilomita 180, yana rage gudu, ya kewayo ya fuskanci titin sauka ta ɓangaren da iska ta yarda. In an haɗa waɗannan duka, tafiyar ta kai awa ɗaya da rabi daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta. Wannan shi ne lokacin da kamfanoni ke rubutawa a jadawalinsu, shi ya sa kullum yakan fi lokacin da fasinja ya ƙirga yana sama.

Jirgi mai farfela, irin su ATR 72 mai ɗaukar mutum wajen 70, gudunsa kimanin kilomita 500 ne a awa, saboda haka zai ci awa biyu ko fiye da haka kaɗan. Mai karatu ya lura da wannan da kyau: jet ya fi mai farfela gudu nesa ba kusa ba, amma a tafiya irin wannan bambancinsu bai fi rabin awa da 'yan mintoci ba. In tafiyar ta ƙara gajarta, kamar daga Gombe zuwa Yola, inda nisan bai wuce kilomita 200 da 'yan kai ba, bambancin ya kusa ɓacewa ɗungum, domin jet ba zai gama hawa ba sai lokacin sauka ya yi. A nan ne kuma ya fi shan mai, gama hawa shi ne mai cin mai.

Akwai kuma iska. Jirgi a cikin iska yake iyo kamar yadda kwalekwale ke tafiya a cikin kogi. A misali, in jirgi na gudun kilomita 500 a awa, iska kuma tana tunkararsa da ƙarfin kilomita 50, to a ƙasa kilomita 450 kaɗai yake ci. In ta bayansa take turo shi, 550 yake ci. A nisan Sakkwato da Yola wannan kaɗai ya isa ya sa zuwa da komowa su bambanta da kimanin minti 20, alhali jirgi ɗaya ne, hanya ɗaya. Zafi ma yana da nasa hukunci. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da na Yola ke haura digiri 40, iska takan yi sakayau, fikafikai da injuna ba su samun abin kamawa sosai, sai jirgi ya bukaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, wani lokaci ma tilas a rage masa kaya.

Duk wannan lissafi na jirgin da babu shi ne. Babu wani kamfani da ke da jirgin fasinja na yau da kullum mai tashi daga Sakkwato ya sauka Yola kai tsaye. Mai wannan tafiya, in ba mai halin ɗaukar shatar jirgi ba ne, dole ya bi ta Abuja. Daga Sakkwato zuwa Abuja kimanin kilomita 490 ne, daga Abuja zuwa Yola kuma kimanin 570, jimla 1,060. Ƙarin nisan bai taka kara ya karya ba, kilomita 170 ne kacal, kuma kowane zango wajen awa guda ne a sama. In kuwa ta Ikko aka kai mutum, kamar yadda takan faru in kujera ta ƙare, to zai ci kusan kilomita 1,780, watau ninki biyu na ainihin tafiyarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne a ƙasa. Fasinja zai isa filin Sakkwato awa guda kafin tashi. In ya sauka Abuja zai karɓi kayansa, ya sake shiga layi, ya sake aunawa, domin sau da yawa kamfanin da ya kawo shi dabam ne da wanda zai kai shi Yola, tikiti biyu ne ba ruwan wani da wani. Garuruwa irin waɗannan kuwa jiragen da ke zuwa cikinsu a yini ba su da yawa. In na farko ya makara, na biyu ya tashi, to kuɗin tikiti ya shiga rububi, sa'an nan ga kuɗin mota zuwa cikin birnin Abuja mai nisan kusan kilomita 40, ga kuɗin masauki. Ko da kome ya tafi daidai, aka jira awa uku kawai a tsakani, tafiyar awa ɗaya da rabi ta zama ta awa shida ko bakwai.

Abubuwa biyu ne suka fi kawo makara a ƙananan filayenmu. Na farko hazo. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗebo ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, ta baza ta a sararin Arewa har mutum ya kasa hango abin da ke gabansa da 'yan ɗaruruwan mita. Kowane fili yana da iyakar nisan gani da aka yarda jirgi ya sauka a kansa, kuma iyakar ta danganta da na'urorin da ke filin. Inda akwai na'urar da ke jagorantar jirgi har bakin titi, kuma tana aiki, ana iya sauka cikin hazo mai kauri. Inda babu, sai a jira gari ya washe, ko a soke tafiyar. Na biyu shi ne fitilu. Da yawa daga ƙananan filayen ƙasar nan da faɗuwar rana ake rufe su, saboda rashin fitilun titi ko rashin ma'aikatan dare. Jirgin da ya makara da awa biyu a Ikko da safe, makarar nan za ta bi shi duk yini, in magariba ta yi masa kafin zango na ƙarshe, mutanen wannan zango su ne za su kwana.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa matuƙi ya yi ganganci don a isa da wuri. Ko kusa. Mutanen Sakkwato sun fi kowa sanin abin da yanayi ke iya yi wa jirgi. Ran 29 ga Oktoba 2006 ba za ta fita daga zukatansu ba: a ranar ce jirgin kamfanin ADC da ya tashi daga Abuja zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa cikin iska mai juyawa, mutum 96 suka rasu, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Matuƙin da ya ce a jira, a gode masa. Abin da ake nema shi ne a sa kayan aikin da za su rage dalilan jiran.

Abin mamaki shi ne Arewa ba baƙuwar jirgin sama ba ce. Tun cikin 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka Kano. Cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu ta Hartum zuwa Kano. An kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma cikin 1946, Nigeria Airways kuma ya gaje shi a nan ƙasar cikin 1958. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya tun 1964 take. A zamanin da Nigeria Airways ke tashe, yana da ƙananan jirage ƙirar Fokker, F27 mai farfela da F28 mai jet, waɗanda ke zuwa Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato da Maiduguri da Yola, suna yada zango gari gari kamar motar haya, a sauke wasu a ɗauki wasu. Kamfanin yana da nasa laifuffuka, bashi da rashin tsari suka ci shi har aka rushe shi cikin 2003. Amma da ya tafi, wannan irin tafiya ta gari gari ta bi shi, kamfanoni masu zaman kansu kuwa suka tattara ƙarfinsu a kan Ikko da Abuja, inda fasinja yake.

Ba za a ga laifinsu ba gaba ɗaya. Ɗan kasuwa riba yake nema. Kowane tashi da sauka yana da kuɗinsa, ko tafiyar ta kilomita 200 ce ko ta 2,000: kuɗin sauka, kuɗin masu kula da sararin sama, kuɗin masu ɗora kaya. Gyaran jirgi ma ba da awoyin tafiya kaɗai ake ƙirga shi ba, har da yawan tashi da sauka, domin su ke cin tayoyi da birki da injuna. Kayan gyara kuwa da dala ake saye, tikiti da naira ake sayarwa. In kamfani yana da jirgi mai kujera 140, ya ga mutum 30 ne kaɗai ke son zuwa Yola daga Sakkwato a rana, hankali zai gaya masa ya kwashe su zuwa Abuja ya haɗa su da 'yan Ikko da 'yan Kano, ya cika jirginsa. Matsalar ita ce girman jirgin bai dace da girman kasuwar ba.

Duk da haka gwamnatocin jihohi ba su fasa gina filaye ba. Gombe ta gina, Birnin Kebbi ta gina, an buɗe na Dutse da sabon na Bauchi cikin 2014, na Lafiya cikin 2022, na Damaturu cikin 2023. Hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, watau FAAN, ta sha faɗa cewa kaɗan ne daga filayen da ke hannunta ke iya ɗaukar nauyin kansu, Ikko da Abuja ne kuwa a gaba. Wasu filayen ba su ganin cinkoso sai lokacin jigilar alhazai, ko ranar da wani babba zai aurar da 'ya. Sauran kwanakin shekara kuwa ana biyan albashi, ana sayen man janareto, ana yankan ciyawa, jirgi bai zo ba. An gina rumfuna an manta da kasuwa.

Wasu ƙasashe sun gamu da wannan matsala, kuma ba su bar ta a hannun 'yan kasuwa kaɗai ba. A Amurka, da aka sakar wa kamfanonin jiragen sama mara cikin 1978, sai aka kafa wani shiri na biyan tallafi ga kamfanin da ya yarda ya ci gaba da zuwa ƙananan garuruwa. Indiya ta fito da nata shirin mai suna UDAN cikin 2016, inda gwamnati ke cike giɓin kuɗi ga kamfanin da ya ɗauki hanyar da ba a bi, a kuma ƙayyade kuɗin wasu kujeru. A tsibiran Orkney da ke arewacin Sikotilan, kamfanin Loganair tun 1967 yake haɗa tsibirai da ɗan ƙaramin jirgi mai ɗaukar fasinja takwas, da tallafin hukuma. Ɗaya daga cikin zangonsa, tsakanin Westray da Papa Westray, kilomita 2.7 ne, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba, ita ce mafi gajarta a duniya cikin tafiye-tafiyen jadawali. Malamai da ma'aikatan lafiya da 'yan makaranta ke shiga. Darasin da ke ciki shi ne an auna jirgi daidai da jama'ar wurin. A nan gida ma Jihar Akwa Ibom ta kafa Ibom Air cikin 2019, ta nuna cewa jiha tana iya sa hannu a wannan sana'a.

To, ga wani lissafi da nake so gwamnoninmu su duba. Daga Sakkwato zuwa Kano a sama kimanin kilomita 370 ne. Daga Kano zuwa Gombe kimanin 325. Daga Gombe zuwa Yola kimanin 205. Jimla 900 ke nan, watau kusan daidai da miƙaƙƙen zaren da muka fara da shi, kuma ya gaza hanyar Abuja da kilomita 160. Jirgi mai farfela guda ɗaya zai iya tashi daga Sakkwato da safe, ya tsaya rabin awa a Kano, rabin awa a Gombe, ya isa Yola cikin awa uku da rabi zuwa huɗu, sa'an nan ya komo ta hanyar kafin magariba. Ba 'yan Sakkwato masu zuwa Yola kaɗai zai ɗauka ba. Zai ɗauki ɗan kasuwar Sakkwato mai zuwa Kantin Kwari, da ɗan Gombe mai zuwa Asibitin Malam Aminu Kano, da malamin jami'a mai zuwa duba jarrabawa, da Bakano mai harka a Jimeta. Hanyoyi shida ke nan a cikin tafiya ɗaya. Jiha ɗaya ba za ta iya ɗaukar nauyin wannan ba, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya: jihohi huɗu in sun haɗa kai za su iya yin yarjejeniya da kamfani, su lamunce masa wasu kujeru na ɗan lokaci har hanyar ta kafu.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce talakan da bai iya biyan kuɗin mota ba, me ya haɗa shi da jirgin sama? Don me za a ɗauki kuɗin asibiti da makaranta a rage wa masu hali kuɗin tikiti? Gaskiya ne, gyaran hanyar mota da tsaronta, da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, su ne a gaba, gama su ne na kowa da kowa. Sai dai a tuna abu biyu. Na ɗaya, an riga an kashe kuɗin gina filayen, ana kuma kashe na riƙe su kowane wata, ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba. Na biyu, hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Gusau da Funtuwa ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga masu satar mutane, har likita ko injiniya ko mai son zuba jari yakan fasa tafiya saboda ita. In ƙwararren likita ya fasa zuwa, talaka ne ke kwance yana jiransa.

Saboda haka in za a yi, a yi shi da sharaɗi. A ƙayyade shekarun tallafin tun farko. A ba da hanyar ta gasa a fili, kamfanin da ya nemi mafi ƙarancin tallafi shi ya samu. A riƙa buga yawan fasinjojin da suka shiga kowane wata, jama'a su gani da idonsu. In bayan wa'adin hanyar ba ta tsaya da ƙafafunta ba, a dakatar. Kafin wannan duka kuma, a sa fitilu da na'urorin sauka a filayen da ake da su, a kuma dakata da gina sababbi. Jihar da ke shirin aza harsashin sabon fili, ya kamata 'yan majalisarta su tambayi gwamna tambaya ɗaya tak: wane jirgi ne zai sauka, daga ina, sau nawa a mako?

A farkon ƙarni na 19 Modibbo Adama ya taso daga ƙasar Fombina ya je ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a zamanin da doki da ƙafa su ne abin tafiya, kuma manzanni ba su fasa kai da kawowa tsakanin Sakkwato da Yola ba har zuwan Turawa. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Yau ga fili a can, ga fili a nan, ga matuƙa da muka horar a Zariya, abin da ya rage shi ne shugabanni su zauna su yi lissafi. Allah ya ba su ikon yi, ya kuma kai matafiyanmu gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.